Birkin Sandar Injin CNC: Yadda Za Ka Haɗa Wayarsa Idan Ka Sauya Kwantirola

Tsofaffin injinan sassaƙar ƙarfe ba sa mutuwa da wuri. Gangar jikinsu zubin ƙarfe ce mai nauyin fiye da tan ɗaya, abin da ke fara gazawa shi ne ƙwaƙwalwar. Injinan Bridgeport na Amurka masu kwantirolar BOSS, waɗanda aka ƙera a shekarun 1970 da 1980, misali ne: jikinsu garau har yau, amma allunan lantarkinsu sun tsufa, kayan gyaransu sun yi wuyar samu. Shi ya sa masu shagunan sassaƙar ƙarfe a ƙasashe da dama ke cire tsohuwar kwantirola su dasa sabuwa, irin su LinuxCNC, Mach4 ko Centroid Acorn.

Mai wannan aiki yakan ƙarar da hankalinsa kan tafiyar X da Y da Z. Sai a ƙarshe ya ga wasu wayoyi biyu da suka hau kan injin, ya bi su, ya tarar na birkin sandar juyi ne, wato sandar da ke juya wuƙar yanka. Abin da ya fi sauƙi shi ne ya jona su a wata mafita da ta rage a sabon allo, ya gaya wa manhaja ta riƙa kunna birki duk lokacin da aka ba da umarnin M5. A nan ake samun matsala. Tsohon akwatin da ya cire ba kwamfuta kaɗai ba ne, a cikinsa akwai rile da kwantakta da aka jera don kada birki ya kama alhali moto, wato injin lantarkin da ke juya sandar, yana kan aiki. Ya cire wannan kariyar bai sani ba.

Ƙa'idar da wannan maƙala ta ginu a kai guda ce: manhaja za ta iya neman a taka birki, amma wayoyi da rile ne ya kamata su yanke hukunci.

Da farko, wane irin birki ne a injinka?

Kafin ka taɓa waya, ka gane irin birkin. Na farko shi ne mai sifirin: sifirin ne ke matse birki, wuta kuma ke sakinsa. Idan wuta ta ɗauke ko waya ta tsinke, sai ya kama da kansa. Na biyu kishiyarsa ne, sai an ba shi wuta yake kamawa, don haka in babu wuta babu birki. Na uku mai iska ne, kamar wanda ke kan da yawa daga injinan BOSS: bawul mai solinoid ne ke tura iskar kwamfuresa cikin wata 'yar silinda, ita kuma ta tura hannun birkin.

Gwajin ba shi da wuya. Kashe injin gaba ɗaya, ka kulle babban makunni, ka juya sandar da hannu. In ta ƙi juyawa, birkinka na kamawa ne idan babu wuta. A mai iska, ka gwada sau biyu, da iska a layi da kuma bayan ka sauke ta.

Sannan ka duba takardun injin ka ga me aka yi birkin dominsa. Wasu na riƙo ne kawai, aikinsu su riƙe sandar bayan ta tsaya don a sauya wuƙa. In ka mayar da irinsu na tsayar da sanda mai gudu kullum, fatar birkin za ta cinye cikin ɗan lokaci. Ƙarfin da ke cikin abu mai juyawa yana ninkuwa huɗu ne idan gudunsa ya ninka biyu: tsayar da sanda daga juyi 3,000 a minti yana haifar da zafi ninki huɗu na tsayar da ita daga 1,500.

Abin da VFD ke canzawa

Yawancin masu sauya kwantirola suna ƙara VFD, na'urar da ke sarrafa gudun moto ta hanyar sauya mitar wutar da ke shiga cikinsa. Da ita, tsayawa ba ta zama nan take ba. Idan aka ba da M5, VFD kan rage gudu a hankali na tsawon daƙiƙun da ka saita. A LinuxCNC kuwa, siginar birki mai suna spindle.0.brake tana tashi ne da zarar an ba da umarnin tsayawa. In ka jona ta kai tsaye, birki zai damƙe sandar alhali VFD na ci gaba da tura moto. Sakamakon shi ne bel ya yi ƙara, fatar birki ta ƙone, ko VFD ta yanke da kuskuren wuta ta yi yawa.

VFD tana da nata birkin na lantarki. Yayin rage gudu, moto yakan koma kamar janareta, ya mayar da wuta cikin kafasitocin na'urar. A VFD mai shan 230V, waɗannan kafasitoci na riƙe da kusan 325V na DC, a mai 400V kuma kusan 565V. In wutar da ke dawowa ta ɗaga wannan adadi ya wuce iyaka, na'urar sai ta yanke, ta bar sandar tana juyi da kanta. Maganinsa razistar birki, wadda ke ƙona rarar ta zama zafi. Ka sayi mai adadin ohm da littafin VFD ya faɗa, don wadda ta yi ƙasa da haka tana iya kashe taransistar birkin. Ka kuma ɗaura ta inda iska ke ratsawa, nesa da wayoyi da mai.

Kuskure guda da ya yawaita: wasu moto suna zuwa da birki a bayansu, da ƙaramin rektifaya da ke shan wuta daga bakin wayoyin moton. A tsohon tsari wannan daidai ne, wuta ta zo birki ya saki. A bayan VFD kuwa, ƙarfin wutar yana raguwa tare da gudu, don haka a ƙaramin gudu birkin ba zai saki sosai ba, zai riƙa gogawa. Dole ka cire wayoyin rektifayar daga moto, ka ba su layinsu daban daga wutar da ba ta bi ta VFD ba.

Kada birki ya yi kokawa da moto

Kowace rile da kwantakta na da baki iri biyu: mai alamar NO, wanda ke haɗuwa idan an ba ta wuta, da mai alamar NC, wanda ke haɗe idan ba ta da wuta. Da waɗannan ake gina kariyar.

In birkinka sai an ba shi wuta yake kamawa, kuma moton na aiki da kwantakta biyu, ta gaba da ta baya, ka bi da wayar birki ta bakin NC na kowacce, ɗaya bayan ɗaya. Muddin ɗayarsu na kunne, wuta ba za ta kai ga birki ba, ko da manhaja ta rikice. In VFD ce, ka saita rilen da ke cikinta ta nuna “ina gudu” ko “gudu ya kai sifili”, ka bi da wayar ta nan. Da haka birki zai jira har rage gudun ya ƙare.

In mai sifirin ne, tsarin shi ne a saki birki tukuna, a jira ɗan lokaci kamar rabin daƙiƙa, sannan moto ya tashi. VFD da yawa suna da saitin sarrafa birki da ke yin wannan jeri da kansu. A LinuxCNC ma akwai ɓangaren timedelay da ke kawo jinkiri. Yana da amfani, amma ƙari ne a kan kariyar waya, ba madadinta ba. In birkin na da ɗan makunni da ke nuna ya saki, ka mayar da siginarsa ga kwantirola, don kada moto ya tashi a kan birki matsattse.

Koyil, rile da dayod

Kada ka jona koyil ɗin birki kai tsaye a mafitar allo. Koyil mai 24V da 30W yana jan amfiya 1.25, abin da ya fi ƙarfin ƙananan mafitu da yawa. Sa rile a tsakani, ka ba layin nasa fiyus. Ka duba lambar DC da ke jikin rilen, ba ta AC ba. Rile mai ɗaukar amfiya 10 a AC tana iya ɗaukar ƙasa da haka nesa a DC mai koyil, domin tartsatsin DC ba ya mutuwa da sauƙi, yana iya narkar da bakin ya manne. Araha ba ta ado a wannan wuri.

Ka karanta ƙarfin wutar da ke rubuce a jikin koyil. Birkin da ke bayan moto sau da yawa na 103V, 180V ko 205V ne na DC, gwargwadon irin rektifayarsa da wutar da ke shiga. Tsofaffin injinan Amurka kuma kan yi amfani da solinoid na 110V ko 120V na AC daga ƙaramar taransifoma a cikin akwati.

Duk koyil da aka yanke wa wuta yakan mayar da martani da wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci, wadda ke ƙona taransista ko rikita kwamfuta. A koyil na DC ana sa dayod irin 1N4007 a juye, gefensa mai zobe yana kallon waya mai alamar +. Amma dayod kaɗai yana jinkirta mutuwar maganaɗisun, wanda ke nufin birki mai sifirin zai makara wajen kamawa. Inda ake son saurin kamawa, sai a haɗa dayod da zena, ko a sa barista. A koyil na AC ba a sa dayod, razista da kafasita ake jerawa, ko barista.

Jan maɓallin gaggawa

Ƙa'idar IEC 60204-1 ta kasa tsayar da inji gida uku. Rukuni na 0 shi ne yanke wuta nan take. Rukuni na 1 shi ne a rage gudu da wuta, sannan a yanke ta. Rukuni na 2 tsayawa ce da wuta ke nan a jone. Tsayawar gaggawa dole ta kasance 0 ko 1.

Mutane da yawa sun ɗauka bakin STO da ke jikin sababbin VFD birki ne. Ba birki ba ne. Hana moto ƙarfin juyi kawai yake yi, sandar kuma ta ci gaba da juyawa har ta gaji. Ga sanda mai nauyi, rukuni na 1 ya fi dacewa: rilen tsaro mai jinkiri, irin jerin PNOZ na kamfanin Pilz na Jamus, ta fara umartar VFD da tsayawa cikin sauri, bayan daƙiƙun da ka auna sai ta yanke STO, birkin ƙarfe ya kama. Maɓallin kansa ya zama mai bakin NC biyu, kuma ya yanke layin kai tsaye. Kwamfuta labari kawai za a ba ta. Sakin maɓallin kuma kada ya tayar da injin, sai an danna na sake farawa.

Masu injin da ke juya ƙarfen da ake sassaƙa su lura: in kan da ke riƙe ƙarfen murɗa shi ake yi kamar noti, birki mai kamawa farat ɗaya yana iya warware shi ya faɗo yana juyi.

Idan aka ɗauke wuta

Wanda ya kafa irin wannan inji a Kano ko Maraɗi zai gamu da abin da masu shi na farko ba su cika gani ba: ɗaukewar wuta ana tsakiyar yanka. A wannan lokaci razistar birki da duk wani birkin lantarki ba abin dogaro ba ne. Abin da ya rage shi ne birkin ƙarfe, in an haɗa shi yadda rashin wuta ke sa shi kamawa. A birki mai iska ana samun haka ta hanyar sa bawul da ke buɗe wa iska hanya idan ba shi da wuta, tare da makunnin awon iska da ke hana sandar tashi in tanki ya yi ƙasa.

Dawowar wuta ma haɗari ce. Ka kashe saitin da ke sa VFD ta tashi da kanta, ka yi layin farawa da rile mai riƙe kanta, wadda ke saki in wuta ta ɗauke. Tsofaffin kwamfutoci masu tashar firinta sukan motsa mafitunsu yayin da suke tashi, shi ya sa Mach3 ke fitar da siginar 12.5kHz da allo ke jira kafin ya kunna komai. Ka yi amfani da ita. Sannan wutarmu 50Hz ce, ta Amurka 60Hz. Koyil na AC da aka yi wa 60Hz kaɗai zai ja ƙarin wuta kusan kashi 20 cikin 100 a nan, ya riƙa zafi. Gara ka sauya shi da na 24V DC.

Gwaji kafin ka ɗaura wuƙa

Bayan ka kashe VFD, ka jira mintunan da aka rubuta a jikinta, ka auna bakin DC da mita kafin ka sa hannu. In ka gama haɗawa, ka yi waɗannan gwaje-gwaje babu wuƙa, a ƙaramin gudu:

1. Ba da M3, M5, M4, ka saurara ko birki na gogawa yayin tashi ko tsayawa.
2. Danna jan maɓalli ana gudu, ka ƙirga daƙiƙun tsayawa.
3. Kashe babban makunni ana gudu, sannan ka mayar. Kada komai ya motsa.
4. Zare kebul ɗin kwamfuta ana gudu.
5. Kashe injin, ka cire waya ɗaya ta birki ko ka sauke iska, ka kunna ka ga ko sandar za ta yarda ta tashi.

In duk sun yi daidai, ka maimaita na 2 da na 3 a cikakken gudu. In shagonka bai taɓa yin layin tsaro ba, ka kira ƙwararren mai aikin lantarkin masana'antu ya duba kafin yara su fara aiki da injin. Daga ƙarshe ka zana taswirar wayoyin da ka haɗa, ka sa wa kowace waya lamba, ka manna takardar a cikin murfin akwatin, don wanda zai buɗe shi bayanka ya san abin da kowace rile ke karewa.