Labarin Korar Likita Mumiye daga Ƙasar Amana

 Ku sani ya malamai da attajirai, bayan da aka ci Jamus a yaƙin 1914 sai Ingila da Faransa suka raba Kamaru. Daga baya kowace ta riƙe rabonta amana daga Majalisar Ɗinkin Duniya, rabon Ingila kuwa daga Ikko ake mulkinsa.

Feliks Mumiye mutumin Fumban ne, ya yi aikin likita a Marwa, garin da fataken Arewa suka sani sarai. Shi ne shugaban jam'iyyar UPC, mai neman a haɗe Kamaru biyu a ba ta mulkin kanta. Da tarzoma ta tashi a Duwala cikin Mayu 1955, Faransawa suka haramta jam'iyyar ran 13 ga Yuli. Sai Mumiye da abokansa, Wandiye da Kinge, suka ƙetare iyaka, suka sauka Kumba a hannun Ingilishi.

Faransa ba ta haƙura ba. Hakimanta suka yi ta matsa wa Ingilishi, suna cewa baƙin nan ne ke hura wutar tawaye daga bayan iyaka. Ingilishi suka jinkirta kusan shekara 2, gama mutanen ba su ɗauki makami a ƙasarsu ba. Amma da aka yi zaɓe a Maris 1957 UPC ba ta sami kujera ko ɗaya ba, gwamnatin Likita Endele ta Kudancin Kamaru kuma ba ta ƙaunar zamansu. Ran 30 ga Mayu aka haramta jam'iyyar, zamanin Gwamna Janar Robatsin. Aka kama shugabanninta 13, cikin Yuli aka fitar da su zuwa Hartum ta Sudan.

Kora ba baƙon abu ba ce ga mutanen Sakkwato. A wannan ƙasa ta Kudancin Kamaru, a garin Buweya, Turawa suka ajiye Shehu Sa'idu ɗan Hayatu, tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Bello, kimanin shekara 20 bayan kama shi a 1923. Wani an kai shi can dole, wani an fitar da shi dole, hannu ɗaya ne ya sa tambari.

Adalci shi ne a faɗa, Ingilishi ba su danƙa su ga Faransa ba, sun isar da su inda za su tsira. Sai dai wanda aka ba ƙasa amana, ya kori ɗan Kamaru daga Kamaru da sunan baƙo, hujjarsa tana da rauni.

Daga Hartum Mumiye ya koma Alƙahira, sa'an nan Konakiri. Cikin Oktoba 1960 wani ɗan leƙen asirin Faransa, wanda ya fake da aikin jarida, ya zuba masa guba a wurin cin abinci a Janeba. Ya mutu ran 3 ga Nuwamba.