Garin Å da Kifinsa

A can arewacin Turai akwai wata ƙasa, sunanta Norwe. Doguwa ce siririya, duk gefenta na yamma teku ne. A cikin tekun nan akwai waɗansu tsibirai a jere, ana ce da su Lofoten. Hanyar mota ta ratsa su ta kan gadoji da ramukan da aka huda cikin duwatsu, har ta ƙare a wani ɗan gari wanda sunansa harafi ɗaya ne tak, watau Å. Ana faɗinsa kamar "O", ma'anarsa kuwa rafi. Shi ne harafin ƙarshe a abacadar mutanen ƙasar, ga shi kuma a ƙarshen hanya.

Mai son zuwa daga Oslo, babban birnin ƙasar, sai ya shiga jirgin ƙasa zuwa Trondheim, ya sake wani zuwa Bodø, inda dogo ya tsaya. Daga nan jirgin ruwa zai ɗauke shi, tafiyar awa uku da 'yan kai, ya sauke shi a Moskenes. Abin da ya rage bai fi tafiyar awa ɗaya da ƙafa ba.

Garin bai kai unguwa guda ta Ikara girma ba. Bayansa duwatsu ne baƙaƙe masu tsini, gabansa ruwa. Da yaron Makarfi zai sauka nan, abin da zai fara nema ya rasa shi ne gona. Ba rake, ba dawa, ba masara, sai 'yar ciyawar tumaki. Yawancin ɗakunan bakin ruwa na katako ne, an shafa musu jan fenti, an ɗora su kan turaku don kada igiyar ruwa ta shiga. An ce wani sarkinsu, Øystein, shi ya fara sa a gina wa baƙin masunta irin ɗakunan nan wajen shekarar 1120. Yau masu yawon buɗe ido ke haya da yawa daga cikinsu.

Rana ma ba ta bin ƙa'idar da aka sani a ƙasar Hausa. Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli ba ta faɗuwa sam, mutum ya iya karatu a waje da tsakar dare ba fitila. A Disamba kuma sai ta yi wajen mako huɗu ba ta leƙo ba. Duk da haka tekun ba ya daskarewa, domin akwai wani ruwa mai ɗumi da ke gangarowa daga wajen Amurka yana wuce tsibiran.

To, me ya zaunar da mutane a irin wannan wuri? Kifi. Kowace shekara, daga Janairu zuwa Afrilu, wani babban kifi da suke kira skrei yakan taso daga Tekun Barents, can arewa, ya zo Lofoten ya yi ƙwai. Wannan lokaci shi ne kakarsu. A ƙarshen ƙarni na 19 masunta fiye da 30,000 kan taru a tsibiran, kamar 'yan cin rani, cikin ƙananan jiragen katako marasa rufi. Da yawa ba su koma gida ba. Kudu da Å akwai wani mashigi, Moskenstraumen, inda ruwa ke juyi kamar guguwa, masunta na tsoronsa tun zamanin kakanni.

In an kawo kifi gaɓa sai a farke shi, a cire kai, a ɗaure biyu biyu ta wutsiya, a rataye kan manyan rumfunan itace. Ba gishiri, ba hayaƙi, iska ce kaɗai ke aikin. Manomin Ikara da ke yanka tumatir yana shanyawa da hunturu ya san wannan dabara, ya kuma san hatsarinta. Kifin da aka rataye cikin tsananin sanyi, ƙanƙara kan fasa namansa ya lalace. Wanda aka makara da shi har ɗumi ya shigo, ƙuda ya yi masa ƙwai, ya yi tsutsa. Tsakanin nan biyu ne arzikin shekara yake. Bayan wajen wata uku a sauke shi a kai rumbu ya ƙarasa bushewa. A lokacin nan nauyinsa bai fi kashi ɗaya cikin biyar na dā ba, ya yi tauri kamar faskare, yana shekaru bai ɓaci ba. Akwai masu sana'ar tantance shi, su duba, su shinshina, su raba shi aji aji, kamar yadda dillalin Kudan ke gane mazarƙwaila mai kyau da ido.

Yara ma suna da rabonsu. In an tashi daga makaranta sai su je bakin ruwa da wuƙa, su soke kan kifi a wani tsinken ƙarfe, su yanke harshen, su tara su sayar. Kuɗin nasu ne, ba mai taɓa musu. Mutanen Norwe suna soya harshen nan, suna jin daɗinsa ƙwarai.

Kifi mafi kyau Italiya ake kai shi. Kawunan kuwa, waɗanda ake shanyawa tsibi tsibi a igiya, yawancinsu Nijeriya suke zuwa. Shi ne kifin da Ibo ke kira okporoko, Yarbawa su ce panla. A lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, an aiko da shi da yawa don ciyar da yaran da yunwa ta kama. A Å akwai gidan tarihi na busasshen kifi, baƙo ya iya shiga ya ga yadda ake ɗaure shi a buhu.

Amma kifin teku ba gonar kowa ba ne, in aka kwashe iyaye ba za a sami 'ya'ya ba. Don haka Norwe da Rasha sukan zauna kowace shekara su yanke iyakar abin da za a kama. A 2013 sun yarda da tan miliyan ɗaya. A 2025 tan 340,000 kaɗai suka yarda, don kifin ya ragu. Masunta sun ji jiki, rumfuna da yawa sun tsaya rabi ba kifi. Matar da ta zo daga Hunkuyi ta taya kan kifi a kasuwar Sabon Garin Zariya ta ji ya yi tsada, wani sashe na dalilin yana can Lofoten.