Ba A Cinikin Biri A Sama: Lissafin Duba Garke Kafin A Biya Kuɗi

Zuwa ga 'yan'uwa fataken shanu, na Doka da Gadarif da Shuwak, da masu bin hanyar Galabat suna ƙetarawa Matamma a ƙasar Habasha.

A wannan fitowa muna so mu yi magana kan wani abu da kullum muke yi a kasuwa, amma yawancinmu da ka muke yinsa. Mutum zai tsaya gaban garken shanu ɗari biyu, ya taɓa goma, ya buɗe bakin biyar, sa'an nan ya zuba jarinsa duka a kan ɗari biyun. Wato ya duba kaɗan, ya yanke hukunci a kan mai yawa. To wannan aiki yana da ilminsa. 'Yan boko suna ce masa ilmin ƙididdiga, Larabawa su ce ihsa'i. Ba sai mutum ya je jami'a zai amfana da shi ba. Duk wanda ya iya lissafin zakkar shanu da rabon riba zai iya abin da za mu kawo a nan.

Mu kanmu rashin saninsa ya taɓa cin mu. Wata shekara mun sayi bijimai 120 da aka shigo da su daga iyaka. Dillali ya jawo mana wajen 15, muka duba, kowanne gashi na sheƙi, hanci da laima. Muka biya. Ba a yi mako uku ba tari ya tashi a zariba, likitan dabbobi ya zo ya ce ciwon huhu ne. Tara suka mutu, sauran aka hana mu motsa su har kasuwa ta wuce. Mun daɗe muna zagin dillalin, amma daga baya muka ga laifin namu ne, domin mun bar mai sayarwa ya zaɓa mana abin da za mu gani.

Ɗiban samfur

'Yan kaɗan ɗin da ake dubawa su ne samfur, wanda Larabawa ke kira ayyina. Ku dubi mai sayen dawa ko riɗi a kasuwar amfanin gona ta Gadarif. Ba ya yarda da abin da ke bakin buhu. Ƙarfe mai rami yake sokawa a tsakiya da gindi, kuma ba buhun da aka miƙo masa yake sokawa ba, shi yake nuna wanda yake so. Mun kuma karanta tun muna makaranta yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannunsa cikin tulin hatsi a kasuwa ya tarar ƙasan jiƙaƙƙe ne alhali saman busasshe, ya kuwa yi hani da algus. Saman tuli ba ya ba da labarin ƙasansa.

A garke ma haka ne, ko da babu mai niyyar cuta. Sa mai ƙarfi shi ke fitowa gaba, mai ciwo yana can baya ya sunkuyar da kai. Idonmu kuma mai kyau yake bi. Saboda haka ƙa'ida ta farko ita ce, kada ido ya zaɓa, kada dillali ya zaɓa, a bar ƙuri'a ta zaɓa. Hanya mai sauƙi: a kora shanun su bi ta ƙofar zariba ɗaya bayan ɗaya. A rubuta lamba 1 zuwa 7 a 'yan takardu, yaro ya ɗauki ɗaya. In 4 ta fito, a ware na huɗu, daga nan kuma kowane na bakwai: na 11, na 18, na 25, har garke ya ƙare. A garken 200 za a sami wajen 29 ke nan. In kuwa garken haɗe-haɗe ne, wasu daga Butana, wasu daga Habasha, wasu jajayen shanun Mbororo, to a tabbata an ɗiba daga kowane kashi gwargwadon yawansa.

Kada wani ya raina wannan hanya, da ita gwamnatoci ke ƙidaya dabbobi. Ƙidayar dabbobin Sudan da aka yi wajen 1975 zuwa 1976 da ƙaramin jirgin sama aka yi ta. Ba kowace saniya aka ƙirga ba. Jirgi ya bi wasu layuka da aka tsara, aka ƙirga abin da ke ƙarƙashinsu, aka auna sauran ƙasar da shi. A Nijeriya ma an yi irin wannan a 1990, aka sami shanu kimanin miliyan 13.9.

Guda nawa za a duba?

Nan ne lissafin yiwuwa yake shigowa, wato ihtimali. A ce a garken nan sa ɗaya cikin kowane goma yana da ciwo. In ka ɗauki ɗaya da ƙuri'a, sau 9 cikin 10 lafiyayye za ka samu. In ka ɗauki biyu, yiwuwar dukansu su zama lafiyayyu ita ce 9 sau 9, wato 81 cikin 100. Haka lissafin zai yi ta raguwa:

In ka duba 5, sau 59 cikin 100 ba za ka ga ciwon ba.
In ka duba 10, sau 35 cikin 100.
In ka duba 20, sau 12 cikin 100.
In ka duba 30, sau 4 cikin 100.

Ku lura da kyau. Mai duba biyar ya ce garke lafiya lau, ya fi sau rabi yana kuskure, alhali shanu ashirin ne ke da ciwo a cikin ɗari biyun. Mai duba goma ma, sau ɗaya cikin uku ciwon zai kuɓuce masa.

Likitocin dabbobi suna da wata gajeriyar ƙa'ida da za mu iya riƙewa a ka. In ka duba samfur ba ka sami mai ciwo ko ɗaya ba, raba 3 da yawan da ka duba. Abin da ya fito shi ne iyakar ciwon da har yanzu zai iya ɓoye maka. Wanda ya duba 30 zai iya cewa, da tabbaci na kusan 95 cikin 100, ciwon bai kai ɗaya cikin goma ba. Wanda ya duba 60, bai kai ɗaya cikin ashirin ba. Mai son ya ce bai kai ɗaya cikin ɗari ba, a babban garke, sai ya duba 300.

Abin mamaki, girman garke bai cika canza wannan lissafi ba. Talatin ɗin da suka isa garken 300 sun kusa isar na 3,000. Uwargida da ludayi ɗaya take ɗanɗana miya, ko tukunyar gida ce ko ta biki, muddin dai ta juya ta sosai. Ƙuri'a ita ce juyawar.

Sai dai samfur yana da iyaka biyu. Ta farko, abin da dubawar ke iya gani kaɗai yake kamawa. Ciwon huhu yakan yi makonni a jikin sa bai bayyana ba, akwai ma wanda ya warke a ido amma yana ɗauke da shi. Irin wannan sai gwajin jini. Ta biyu, in sa ɗaya tak ne ke da ciwo cikin 200, samfur na 30 sau 15 cikin 100 kawai zai kama shi. Ga cutar da wake ɗaya ke ɓata gari, sai a bi dabbobin ɗaya bayan ɗaya.

Wanda yake ganin wannan zancen takarda ne, ya tuna 2020. Bayan zazzaɓin Rift Bali, wanda ake ce wa hummal wadi, ya ɓulla a Sudan a 2019 Saudiyya ta hana shigar dabbobinmu na wani lokaci. Da aka buɗe hanya, sai aka yi ta dawo da jiragen ruwa cike da tumaki daga Jidda zuwa Sawakin, saboda jinin da aka ɗiba daga wasu a cikinsu ya nuna rigakafin bai kama yadda ake so ba. 'Yan kwalabe na jini suka yanke wa dubban dabbobi hukunci. Tunda da samfur za a auna mu a can, gara mu auna kanmu da shi tun daga nan.

Ƙiyasin jama'a da matsakaici

Wajen ƙiyasin nauyi ma akwai darasi. A 1906 wani masani Bature mai suna Faransis Galton ya je bikin baje kolin dabbobi a garin Filimut na Ingila, inda aka sa gasar faɗin nauyin naman wani sa bayan an yanka an gyara. Ya tattara takardu 787, ya jera su daga ƙarami zuwa babba, ya ɗauki na tsakiya. Ƙiyasin tsakiyar ya zo kimanin kilo 547, nauyin gaskiya kuwa kimanin kilo 543. Kuskuren masu wuce gona da iri ya cinye na masu ragewa. Amma sirrin shi ne kowa shi kaɗai ya rubuta nasa. Mu a zariba, da zarar Alhaji babba ya faɗi nasa, sai kowa ya ce haka ne, ƙiyasin mutum goma ya koma na mutum ɗaya. In za ku haɗa jari ku sayi garke, kowa ya rubuta nasa a ɓoye tukuna, sa'an nan a buɗe.

Tafiya tare ba ita ce sanadi ba

Wani lokaci abu biyu sukan tashi tare su sauka tare. Wannan shi ne dangantaka. Tana da amfani ƙwarai. Faɗin ƙirjin sa yana tafiya da nauyinsa, shi ya sa ake da igiyar awo da ake zagaya ƙirji da ita a san kimanin kilo ba tare da sikeli ba. Damina mai ambaliya kuma tana tafiya da hummal wadi, nan kuwa an san sanadin: ruwa ya kwanta, sauro ya yawaita, sauro ke ɗaukar cutar. Falke mai hankali in ya ga irin wannan damina ba ya ɗora dukan jarinsa a kan kasuwar Jidda.

Amma daga ganin sarkin fawa ba a cewa miya ta yi zaƙi. A 2021 kuɗin sa ya yi ta hawa, kuɗin sukari ma haka. Ba sukari ke ɗaga sa ba, fam ɗin Sudan ne ya faɗi, hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin 100 a shekarar. Da yawa sun ga takardun kuɗi sun ƙaru suka ɗauka riba ce, sai da suka koma sayen wani garke suka ga bai kai na da ba. Mai son sanin ribarsa ta gaskiya ya auna da buhun dawa, ko da yawan bijiman da kuɗin zai iya mayarwa. Duk inda kuka ga abu biyu na tafiya tare, ku tambaya ko akwai na uku da ke jan su duka.

Gwada da'awar mai magani

Kowace kasuwa akwai mai zuwa da sabon maganin tsutsa ko garin ƙiba, ya ce wane ya ba shanunsa sun yi ƙiba. To ai wanen nan yana ba su umbaz, wato tunkuzar riɗi, ga shi kuma ya ba da maganin daidai faɗuwar ruwa, lokacin da kowace saniya ke murmurewa. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

A gaban alƙali mai da'awa shi ke kawo hujja. Haka za mu yi wa magani: mu ɗauka ba ya komai, sai ya tabbatar. Wani masani ɗan Ingila, Ronal Fisha, wanda ya fara aiki a gonar gwaji ta Rotamsted a 1919, shi ya kafa tsarin raba gwaji da ƙuri'a. Ga yadda za mu yi namu. A ware bijimai 20, a haɗa su biyu-biyu, kowane biyu sa'o'in juna a shekaru da jiki. A kowane biyu a jefa kwabo, wanda ya faɗo masa shi za a ba maganin. Kiwo ɗaya, ruwa ɗaya, umbaz ɗaya. A auna ƙirji ranar farko, a sake aunawa bayan kwana 60, kuma mai awon kada ya san wanda aka ba.

In maganin banza ne, kowane biyu kamar jifan kwabo ne, ko wannan ya fi ko wancan. Lissafi ya nuna, da sa'a kawai, masu magani za su yi nasara a 6 ko fiye cikin goma sau 38 cikin 100. A 7 ko fiye, sau 17. A 8 ko fiye, tsakanin sau 5 da 6. A 9 ko fiye, sau ɗaya tak cikin 100. Saboda haka shida ko bakwai ba hujja ba ce. Takwas tana bakin iyaka, a maimaita gwajin. Tara ko goma, to magana ta yi ƙarfi. Ko a nan ma saura tambaya ɗaya: ƙibar da ya ƙara ta biya kuɗinsa?

Abin da muke roƙo

Tun da yaƙi ya tashi a watan Afrilu na 2023 hanyoyi sun rikice, dabbobi suna shigowa daga wuraren da ba mu san tarihin rigakafinsu ba, jari kuma ya yi wuyar mayarwa. Kuskuren da a da ake shanyewa, yau yana iya tayar da mutum daga kasuwa. Muna roƙon kowane ɗan ƙungiya ya ajiye littafi: ranar saye, inda garke ya fito, guda nawa ne, nawa aka duba, me aka gani, nawa suka mutu a hanya, nawa aka sayar. A rubuta tafiyar da aka yi asara kamar yadda ake rubuta ta riba, domin littafin da babu asara a cikinsa shi ma saman tuli ne. In mutum ashirin suka kawo nasu ofishin ƙungiya a ƙarshen shekara, za mu san hanyar da ta fi cin dabbobi da watan da ya fi haɗari, da hujja a hannu.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a cinikinmu, ya kawo wa ƙasa zaman lafiya.