Wilo, Bishiyar Da Ba Ta Son A Makara Da Askinta

Duk wanda ya bi bakin magudanan ruwa na ƙasar Holan, ko fadamun Somerset a kudu maso yammacin Ingila, zai ga wasu bishiyoyi a jere, gajeru masu kaurin jiki, kowace da dunƙulallen kai, tsumagu sun tsiro a kansa tsaye cak. Wilo ke nan, wadda Larabawa ke kira safsaf. Ba haka take fitowa ba. Zarto ne ya mayar da ita haka, shekara da shekaru.

Danginta sun haura iri 300, akasari a ƙasashen sanyi na arewacin duniya. Wadda ta fi shiga ran masu lambun gida ita ce mai rassa masu zubowa har ƙasa, wadda asalinta ƙasar Sin ne, kodayake masanin tsirrai Linnaeus ya laƙaba mata sunan Babila. A ɓawon wilo aka samo sinadarin salisin, wanda bincikensa ya kai kamfanin Bayer ga haɗa asfirin a 1897. Da itacenta ake sassaƙa sandar wasan kurket, da tsumagunta ake saƙa kwanduna. Bishiya ce mai albarka, babu musu. Amma a tsakar gida, rigimarta ta fi ta yawancin bishiyoyi.

Rigimar daga ƙarƙashin ƙasa take farawa. Wilo mashayiyar ruwa ce, saiwoyinta kuma ba sa nitsewa sosai, bazuwa suke yi suna bin danshi. Ba sa fasa lafiyayyen bututu, amma in suka sami ɗan tsagu ko mahaɗar da ta saki, sai siririyar saiwa ta kutsa, ta yi kauri a ciki, ta toshe hanyar ruwan ban-ɗaki. A inda ƙasa take yumɓu, kamar yawancin birnin Landan, abin ya fi muni: a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci bishiyar kan tsotse danshin yumɓun, ya tsuke, harsashin gini ya zauna, bango ya tsage. Binciken da masana na lambun tsirrai na Kew da ke Landan suka yi ya taɓa samun wilo da ta yi wa gini lahani daga nisan mita 40. Gidaje nawa ne ke da fili irin wannan? Mutum ya sayo ɗan dashe a tukunya, bai kai ƙugunsa ba, ya manta cewa tana iya ƙara mita guda ko fiye a kowace shekara.

A sama ma haka. Saurin girman nan yana sa itacen ya zama marar ƙwari, iska mai ƙarfi kan ɓalle babban reshe. Shi ya sa masu lura da ita ke kama ta tun tana ƙarama. A bar mata gangar jiki guda ɗaya. In rassa biyu suka taso daga wuri guda suna gasa, da matsatsiyar kusurwa a tsakaninsu, a cire ɗaya tun yana siriri, don a nan take darewa in ta girma. Busasshe, da mai ciwo, da wanda ke gogar ɗan'uwansa, duk a fitar.

Lokacin aikin shi ne ƙarshen hunturu, wajen Fabrairu zuwa farkon Maris, tana tsaye ba ganye, ruwan jikinta bai fara hawa ba, tsuntsaye kuma ba su fara sheƙa ba. A Ingila doka ta 1981 ta hana a ɓata sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita, kuma a unguwannin da aka keɓe don tarihi sai an sanar da ƙaramar hukuma makonni shida kafin a taɓa babbar bishiya.

Yankan reshe mai nauyi yana da tsari. A fara ɗan tsaga shi ta ƙasa, kimanin kamu ɗaya ko biyu daga jiki. Sannan a yanka ta sama, ɗan gaba kaɗan, har ya faɗi. Tsagar farko ita ce ke hana shi yage ɓawo ya tafi da shi har gindi. Daga nan sai a cire guntun da ya rage, dab da kumburin nan da ke zagaye tushen reshe, ba tare da an taɓa kumburin ba, domin daga nan sabon nama ke rufe ciwon. A da ana shafa fenti ko kwalta a wurin. Yanzu masana sun daina ba da wannan shawara, don yakan rufe danshi a ciki ya jawo ruɓa.

Shi kuwa askin ƙwal da ake gani a Holan, ba baƙo ba ne a wurinmu. Haka ake sare kan darbejiya a ƙofar gida ta sake toho. Turawan zamanin da suna yanke wilo a tsayin mita biyu zuwa uku don kada shanu su kai baki ga sabon tsiro. Sai dai aikin yana da sharaɗi: wanda ya fara, dole ya riƙa maimaitawa duk bayan shekara uku zuwa biyar. Sabbin rassan ba su da riƙo mai ƙarfi a kan kututturen. In aka bar su suka yi nauyi, sai su tsaga kan gida biyu, ruwa ya shiga, ciki ya ruɓe. A ganina, wilo da aka fara askewa aka watsar ta fi wadda ba a taɓa ba hatsari.

Mai ƙaramin fili yana da mafita. Akwai ƙanana ’yan aure, irin su Kilmarnock da Hakuro-nishiki ta ƙasar Japan mai ganye fari da ruwan hoda, waɗanda almakashin lambu ya ishe su sau ɗaya a shekara. Babbar kuwa, wurinta bakin tafki ne ko gefen gona, nesa da bango da bututu. Wanda ba shi da wannan fili, ya haƙura da ita.