Abin da Jama'a Ke Biya a Dandalin Sada Zumunta na "Kyauta"

Duk wanda ya buɗe shafi a Facebook ko Instagram, ko ya sa WhatsApp a wayarsa, ba a karɓar ko sisin kwabo daga hannunsa. Amma kamfanin Meta, wanda ya mallaki dandalin uku, ya samu kuɗin shiga fiye da dala biliyan 134 a shekarar 2023, kuma kusan dukkansu daga talla suka fito. Abin da 'yan kasuwa ke biya shi ne damar isar da tallarsu ga mutumin da aka san shekarunsa, da garinsu, da abokansa, da irin abin da yake yawan kallo. Bayanan mai amfani da dandalin su ne jarin da ake juyawa.

Daga nan ne kukan jama'a ya samo asali. Kamfanonin kan ce sun tanadi hanyar da kowa zai tsare sirrinsa, kuma hanyar tana nan. Sai dai kafin mutum ya kai gare ta sai ya ratsa shafi bayan shafi, ya yi fama da dogon Turancin lauyoyi, alhali maɓallin amincewa yana nan a fili, dannawa ɗaya ta isa. Ba a banza aka tsara shi haka ba. A watan Janairun 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa ta sanar da cin Google tarar Yuro miliyan 150, Facebook kuma miliyan 60, bisa dalilin cewa sun sa ƙin yarda da bin sawun mutum a intanet ya fi yarda wahala.

Tun kafin wannan, a shekarar 2018, asiri ya tonu cewa kamfanin Cambridge Analytica ya samu bayanan mutane da yawansu zai iya kai miliyan 87 ta hanyar wata manhajar tambayoyi a Facebook. Galibinsu ba su taɓa buɗe manhajar ba. Abokansu ne suka buɗe, aka kwashi nasu tare. A 2019 hukumar ciniki ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5.

A Nijeriya rigimar ta biyo ta kan WhatsApp ne, wanda Facebook ya saya a 2014. A watan Janairun 2021 kamfanin ya aika wa jama'a sababbin sharuɗɗa, ya ce wanda bai amince ba kafin 8 ga Fabrairu zai rasa damar amfani da manhajar. Da surutu ya yi yawa, mutane suka fara komawa Signal da Telegram, sai aka ɗage wa'adin zuwa 15 ga Mayu. Gaskiya ne ba a taɓa sirrin saƙonnin da mutane ke aika wa juna ba. Amma ga mai sayar da atamfa a Kasuwar Kantin Kwari, ko ɗan Arewa mai harkar gwari a Mile 12 ta Legas, wanda duk abokan cinikinsa ta nan suke nemansa, cewa "ka yarda ko ka fita" ba zaɓi ba ne.

Hukumar kula da gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ta binciki lamarin tare da hukumar kare bayanai ta ƙasa. A watan Yulin 2024 ta ci Meta tarar dala miliyan 220, tana mai cewa kamfanin ya yi amfani da bayanan 'yan Nijeriya ba da izininsu ba, ya fake da ƙarfinsa a kasuwa, ya kuma hana su irin zaɓin da yake bai wa mutanen wasu ƙasashe. Meta ya musanta, ya ɗaukaka ƙara, amma a watan Afrilun 2025 kotun sauraron ƙararrakin gasa ta tabbatar da tarar.

Har wa yau, dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ba ɗan ƙasa ikon ya nemi sanin abin da kamfani ke riƙe da shi a kansa, ya nemi a gyara ko a goge, ya kuma janye amincewar da ya bayar. Dokar ba ta tsaya kan manyan kamfanonin ƙetare ba. Ta shafi bankuna, da kamfanonin waya, da manhajojin ba da bashi waɗanda wasunsu suka yi ƙaurin suna wajen kwashe lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi, su riƙa aika wa danginsa saƙon tozarci idan ya makara wajen biya.