Tallan da ya ƙi barin kwamfutarka: ina yake ɓuya, kuma ya ake tumɓuke shi?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, don waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba.

Makon jiya wata ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta dawo gida Batsari da laftof ɗinta tana neman kuka. Da ta buɗe Chrome sai tallan caca ya faɗo, ta rufe, wani ya buɗe, har da hotunan da ba ka so mahaifinka ya leƙo ya gani. Ta kai wa wani mai gyara sau biyu, ya goge abin, bayan kwana biyu ya dawo. Ga furojet ɗinta na shekarar ƙarshe a ciki.

Abin da ya kama ta shi ne manhajar tallan dole, wadda Turawa ke kira adware. Mai ita kuɗi yake samu duk lokacin da talla ya bayyana a gabanka ko ka danna shi, shi ya sa ba ya so ta fita. Kuma kar ku ɗauka ƙaramin abu ne. A 2017 kamfanin tsaro na Check Point ya ce wata mai suna Fireball ta shiga kwamfutoci sama da miliyan 250 a duniya, yawanci a liƙe da manhajojin kyauta, kuma tana iya sauke wasu mugayen manhajojin ba da saninka ba. Nan ne haɗarin yake. Tallan ciwon kai ne kawai, amma ƙofar da ya shigo ta nan mai satar kalmar sirri ma zai iya bi.

To ta ina take shigowa? Mu faɗa wa juna gaskiya, mu ke buɗe mata. Mu tuna watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Batsari da Safana, aka yi watanni ba sabis. A lokacin duk wanda ke son manhaja ko fim sai ta filash, daga wannan hannu zuwa wancan. Sabis ya dawo, ɗabi'ar ba ta tafi ba. Har yau za ka kai kwamfuta a zuba maka Office da Photoshop na sata a ɗan kuɗi kaɗan, a ce maka "kashe antibairos ɗin tukuna". Wallahi duk wanda ya ce ka kashe mai gadi kafin baƙo ya shigo, ka tambayi kanka wane irin baƙo ne. Sai kuma shafukan sauke fim da ke cewa ka danna Allow don a tabbatar kai mutum ne. Ba wani tabbatarwa, izinin turo maka talla ka sa wa hannu.

Dalilin da ya sa take dawowa bayan an goge kuwa, irin ƙiri-ƙiri ce a gona: ka sare sama, saiwa na ƙasa. Ba wuri ɗaya take zama ba.

Kafin komai, kwashe muhimman takardunka ka ajiye a wani wuri. Sannan ka shiga Control Panel, ka buɗe jerin manhajojin da ke kwamfutar, ka jera su bisa ranar da aka sa su. Duba abin da ya shigo a ranar da matsalar ta fara, duk wanda ba ka sani ba ka cire. Daga nan ka koma burauza, ka shiga Extensions ka cire baƙin da ke ciki, ka shiga Notifications ka toshe duk shafin da ba ka gane ba. Da yawa matsalarsu a nan take ƙarewa.

Na ƙanwata bai ƙare a nan ba, kuma nan ne mai gyaran bai leƙa ba. Akwai wani wuri a Windows da ake kira Task Scheduler, kamar ajanda ce da kwamfuta ke bi: ƙarfe kaza yi kaza. A ciki muka tarar da wani aiki mai suna kamar na sabunta manhaja, an saita shi ya riƙa buɗe wani shafi duk bayan awa ɗaya. Muka goge shi. A kula dai, Windows da Google ma suna da nasu ayyukan na gaskiya a wurin, don haka ka duba abin da aikin ke buɗewa kafin ka taɓa. Sai alamar Chrome da ke fuskar kwamfutar: danna ta da maɓallin dama, shiga Properties, duba layin Target. In ka ga adireshin wani shafi bayan chrome.exe, share adireshin. Abu na ƙarshe da ke yaudarar mutane, in burauzarka na haɗe da akawun ɗinka na Google, ƙarin da ka cire a kwamfuta ɗaya zai iya dawowa ta wata da ka taɓa shiga, misali ta kafe.

Bayan aikin hannu, sauke AdwCleaner daga shafin Malwarebytes kansa, kyauta ce kuma ba ta cin data sosai. Sannan ka sa Microsoft Defender ya yi binciken da ake kira Offline scan, wanda ke sake kunna kwamfutar ya bincika tun Windows bai gama tashi ba, lokacin da mugun bai samu damar ɓuya ba. Kamar minti 15 yake ɗauka, sai ka tabbatar akwai caji, kun dai san halin wutarmu. In duk an yi haka ya dawo, a sake zuba Windows sabo, ba abin kunya ba ne.

Masu shagon kwamfuta, 'yan uwana, da ku nake yanzu. A injinku yaranmu ke shigar da NIN, wasu har imel ɗinsu suke bari a buɗe. Windows 7 ya daina samun gyaran tsaro tun Janairun 2020, tallafin Windows 10 na yau da kullum ma ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, amma har yanzu ana aiki da su. Ko ba halin canza inji, a bar Defender a kunne, a binciki kowane filash kafin a buɗe. In ka sa filash ka ga fayilolinka sun koma alamomi masu ɗan kibiya, kar ka danna ko ɗaya. Fayilolin na nan, ɓoye su aka yi, dannawar ce ke tada bairos ɗin.

Ita ƙanwar tawa, a daren muka canza kalmar sirrin imel ɗinta da ta Facebook daga wayarta, ba daga laftof ɗin ba, muka kunna tantancewa mai mataki biyu. Furojet ya tsira, ta koma Dutsin-Ma ranar Lahadi.

Wanda ya gwada ya maƙale a wani mataki, ya turo mana hoton abin da ya gani a fuskar kwamfutar, amma ya rufe duk wani bayani na sirri. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.