Shirin Musamman: Idan Magani Ya Daina Ci

 Shirinmu na yau zai duba magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda likitoci ke kira antibayotik, da dalilin da ya sa wasunsu suka fara daina ci. Ku ba ni aron kunnuwanku, mu soma daga wani gadon asibiti a birnin Oxford na ƙasar Ingila.

Ranar 12 ga Fabrairun 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani ɗan sanda mai suna Albert Alexander yana kwance rai a hannun Allah. Ciwo ne ya kama shi a fuska, ya yi ta ruruwa, ƙuraje suka cika da mugunya, har sai da aka cire masa ido ɗaya. A ranar aka yi masa allurar wani sabon magani mai suna penisilin. Kafin a kwana a hantse zazzaɓi ya fara sauka, bawan Allah ya soma neman abinci.

To amma maganin ɗan kaɗan ne. Masanan da ke aikin, Howard Florey da Ernst Chain da Norman Heatley, daga funfuna suke tatso shi, kuma suna rainon funfunar a duk mazubin da suka samu, har da fo na majinyata. Ga shi kuma penisilin ba ya daɗewa a jiki, fitsari ke fitar da shi. Sai suka riƙa tara fitsarin ɗan sandan, a kai ɗakin gwaji, a tace maganin da ke ciki, a sake yi masa allura da shi. Ku ji fa, daga fitsarinsa. Duk da haka bayan kwana 5 maganin ya ƙare ƙarƙaf. Ciwon ya dawo, ranar 15 ga Maris ya cika. Maganin ya yi aikinsa, isa ne bai yi ba.

Asalin labarin kuwa, a 1928 ne Alexander Fleming ya lura a asibitin St Mary's da ke Landan cewa wata funfuna da ta faɗa farantin gwajinsa ta kashe ƙwayoyin bakteriya da ke kewaye da ita. A 1945 shi da Florey da Chain suka karɓi kyautar Nobel, kuma a jawabinsa Fleming ya ja kunne cewa ranar da kowa zai iya sayen penisilin a kanti, wani zai sha abin da bai kai ƙa'ida ba, ƙwayoyin cutar su ƙi mutuwa, su zama masu taurin kai. Maganarsa ba ta faɗi ƙasa banza ba. An fito da wani sabon magani, metisilin, don ƙwayoyin da suka gagari penisilin, amma a 1961 aka samu waɗanda suka gagare shi shi ma, a Ingila.

Yaya hakan ke faruwa? Manoma za su fi saurin ganewa. Ka yi feshi a gona da maganin da bai kai ƙarfi ba, ciyawa mai rauni ta mutu, mai taurin ta tsira, ta samu fili ita kaɗai, baɗi ita za ta cika gonar. Haka bakteriya suke. Wasunsu cikin minti 20 suke rabuwa biyu, kuma suna iya miƙa wa junansu wannan hali na bijirewa. A lura, ba jikin mutum ne ke sabawa da maganin ba, ƙwayar cutar ce ke sauyawa. Idan ta sauya kuwa ba ta zama wurin mai ita, sai ta bi hannu, ta bi ruwa, ta shiga maƙwabta.

Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai, mutum miliyan 1 da dubu 270 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da ba sa jin magani. Adadin ya zarce na waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kashe a shekarar. Kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankin da abin ya fi ƙamari shi ne namu, Afirka ta Yamma.

Mun san yadda ake yi. Uwa ta zo kemis da goyo, ta ce, "Malam, mura ce da gudawa, a haɗa min na ɗari biyar." A ɓalle mata kafso huɗu, ja da yalo, a ƙulla a leda. Ni ban ga laifinta ba, asibiti da nisa, layi da tsawo, aljihu babu nauyi. Amma mura bairas ke kawo ta, antibayotik ba ya taɓa bairas. An kashe kuɗi, yaro bai amfana ba, ƙwayoyin da ke cikin hanjinsa kuwa an tace su, masu taurin ne suka rage. Haka mai kiwon kaji da ke zuba maganin a ruwan sha kullum ba tare da ciwo ba.

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya dubi Pakistan. Tun 2016 aka samu ɓarkewar wani taifot a birnin Hyderabad wanda ya gagari kusan duk magungunan da aka saba ba masu taifot.

Lokaci na neman ƙure mana. A taƙaice, kada a sha antibayotik sai ma'aikacin lafiya ya rubuta, a sha yadda ya tsara, kada a ba wani ragowa. A wanke hannu, a kai yara rigakafi. Hukumomi kuma nauyi na kansu: ruwa mai tsabta, ɗakunan gwaji, da asibitin da talaka zai iya zuwa. Wannan magani amana ce a hannunmu, 'ya'yanmu za su buƙace shi ranar haihuwa da ranar tiyata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.